Juma'a Ranar Indiya Ce

Alhamis, 1 ga Agusta 1991, bayan la'asar

Sati na biyu ke nan da aka dawo da Ɗahiru, har yau bai ce uffan ba. Ba sannu, ba a ba ni ruwa, ko tari ya taso masa danne shi yake yi. Mutumin da in muka taso daga silima sai ya cika min kunne tun daga wajen ganuwa har Kwarbai, yana tuƙa keke yana waiwayowa yana musu, sau nawa muna faɗawa kwata. Yanzu yana zaune a ɗakin da ke jikin zauren babansa Malam Nasidi, ya ba ƙofa baya, hannuwansa duka biyu a cikin riga.

Likita ya duba shi ya ce jiki ya warke, saura haƙuri. Ya ba da ƙwayar barci. Iliminsa ya ƙare ke nan.

Yau Bahago ya zo daga ƙauye, ƙanen Malam Nasidi, wato baffan Ɗahiru. Ya ce akwai wani malami a wajensu mai karɓar irin waɗannan, a sa musu mari a ƙafa, a yi ta ba su rubutu har su dawo hayyacinsu. Mari! Ga mutumin da har yanzu shatin igiya bai ɓace daga wuyan hannunsa ba. Malam ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a bari watan Nasara ya ƙare. In bai yi magana ba, Bahago ya zo da mota.

Ina tsugune a gefe, ba wanda ya tambaye ni. Me za a tambayi Mika'ilu mai buga tafireta a sakatariya? A wurin Malam ni ne ɗan silimar da ya lalata masa ɗa, tunda a hanyar dawowa daga can aka ɗauke shi. Ba na wurin. Juma'a ce, ranar Indiya, ni kuwa ba na kallon Indiya, kowa ya sani.

Lahadi, 4 ga Agusta, da hantsi

Jiya na je kallon fim ɗin Canis ni kaɗai, wai in huce. Kamar kullum, sai da na fita ganuwa na cire hula na cusa a aljihu kada ɗan unguwa ya gane ni, alhali rabin masu cusa hula a aljihun 'yan unguwa ne.

Tun muna samari tsarinmu bai canza ba: Asabar Canis, Laraba kaboyi ko Amurka, mu biyu. Juma'a ya tafi shi kaɗai, Asabar da safe ya zo ya ba ni labari in zage shi.

Ni Canis nake so, ban taɓa ɓoyewa ba. Babu doguwar magana. An kashe maka malami, ka hau dutse ka yi ta ɗaukar ruwa da guga har ka ƙware, ka sauko ka rama. Ba kuka, ba waƙa, ba uwa mai faɗuwa a sume. Ɗahiru cewa yake fim ɗin marasa tunani ne, bakinsu ya gama motsi sannan magana ta biyo baya da gudu.

Jiya yaran bos suka kama ƙanen akta suka rataye shi, suna dukan tafin ƙafarsa da gora. Ƙarar nan ta tas, tas, wadda da nake kwaikwayo da baki a hanya. 'Yan benci na fito suna ihu. Na mayar da gyaɗar da nake ci aljihu. Can aka kwance shi, ya share jini a gefen baki, ya yi tsalle ɗaya ya haye katanga. Ƙarya ne! Wanda aka daka a tafin ƙafa haka ba ya tashi sama, da rarrafe yake zuwa bayi. Na fito tun ba a kai rabi ba. Tir da wannan fim, tir da wanda ya kawo shi.

Litinin, 5 ga Agusta, azahar

Ya sha koko kaɗan. Bai yi magana ba.

Talata, 6 ga Agusta, kafin in tafi ofis

Kullum da safe in Malam ya dawo daga masallaci sai ya shiga ya zauna a gabansa. Daga zaure ina jin muryarsa: "Su wane ne? Ina suka kai ka? Me ka yi musu? Ka faɗa min, ni ne ubanka." Ya yi da taushi, ya yi da faɗa, ya sake yi da taushi. In ya fito idonsa jajir. Ɗahiru kuma yini yake yi bai taɓa abinci ba.

Laraba, 7 ga Agusta, bayan magariba

Zan fita ke nan Maijidda matar Ɗahiru ta yi min magana daga bayan asabarin ƙofar cikin gida.

"Malam Mika, ina wuni."

"Lafiya lau, Maijidda. Ya mai jiki?"

"Jiya maƙwabta sun kunna rediyo, aka sa waƙar Indiya. Na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi."

Na ce sauro ne.

"Ba sauro ba ne, na san mijina. Don Allah ranar Juma'a ka je ka kallo masa. Yadda yake ba ka labari, kai ma ka zo ka ba shi."

"Ni? Indiya? Haba Maijidda, ki sa ni wani aikin dai, ko yasar rijiya ce."

Ta ce, "To, a sa masa marin ke nan."

Ba zan je kaboyin yau ba ma.

Asabar, 10 ga Agusta, bayan azahar

Inna lillahi! Jiya na je Indiyan, awa uku cur. Kuɗin cizon bencin nan sai da suka ƙoshi suka bar ni don kansu.

Ɗan attajiri ya ga 'yar talaka mai tallan madara, sau ɗaya ya gan ta, ko sunanta bai tambaya ba. Kafin ka ƙifta ido suna kan dutsen ƙanƙara suna birgima. Waƙa ɗaya, ta sake zane sau huɗu, ita da aka ce ba su da abincin dare. Sai ga 'yan rawa sun fi arba'in sun ɓullo daga bayan itatuwa. Ina suka ɓuya tun ɗazu? Wane tela ya ɗinka musu kaya iri ɗaya? Aktan kuwa tumbinsa ya fi na shugaban sashenmu, amma shi kaɗai ya bubbuge ƙatti ashirin, gashinsa ko motsi bai yi ba. Sai da komai ya ƙare 'yan sanda suka iso da jiniya, su ɗauki hula su tafi.

Kusa da ni wani ƙaton mahauci, na san shi a kasuwa, mutumin da yake kayar da sa shi kaɗai. Yana kuka shaɓe-shaɓe, yana share majina da hula, yana bin waƙar baiti-baiti da yaren da ko ruwa bai san sunansa ba a ciki. Na ce Allah ya shirya.

Da safen nan na je wurin Ɗahiru. Na sassauta murya irin yadda ake yi wa majinyaci, na ce, "Kai mutumina, ashe gaskiyarka, Indiya akwai daɗi. Waƙoƙin nan sai ka ji kamar kada su ƙare." Bakina har ɗaci yake yi ina faɗa. Na ba shi labarin tun daga tallan madara har aure, na tsallake wurin 'yan sanda.

Bango yake kallo. Na duba yatsan ƙafar, bai motsa ba.

Alhamis, 15 ga Agusta, da safe

Jiya na je da fatan kaboyi. Bayan Canis kaboyi nake so: dawakai, fili fetal ba iyaka, da mutumin da ba ya yawan magana, ya sauka a gari ya gyara shi ya hau dokinsa ya wuce. Ɗahiru abin da yake gani kawai shi ne ba sa wanka, kuma ba wanda ya taɓa ba dokin ruwa. To yanzu ko shirun kaboyin na daina ganin kyansa.

Ba ma shi aka sa ba. Fim ɗin Amurka ne na 'yan sandan ciki, irin wanda motoci ke bin juna suna take kayan masu talla, gilashi na fashewa ba mai sharewa. A tsakiya aktan ya kama wani mutum ya ɗaure a kujera, a wani ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya. Silima ta ɗauka: "Ba shi! Ƙara masa!" Har da masu tafi. Can aka bugo waya aka ce ba shi ba ne. Akta ya ɗaga kafaɗa, ya kunna sigari, ya fita. Fim ya ci gaba abinsa.

Na zauna har ƙarshe ina jiran a sake nuna mutumin nan. Wa ya kwance shi? Wa ya kai shi gida, wa ya yi masa wanka, ya ya kwana? Ni shi nake so a nuna min. Ba a sake nuna shi ba. An ƙare da akta yana rungume da mace a bakin teku, jama'a na ta fito. Na tofar da yawu ya fi a ƙirga kafin in kai gida, har Binta matata ta tambaye ni ko wani abu na ci a waje.

Asabar, 17 ga Agusta, bayan la'asar

Indiya na biyu. 'Yan biyu suka rabu a tashar jirgi, ɗaya ya zama ɓarawo ɗaya ya zama alƙali, kuma duk garin ba wanda ya lura fuskarsu ɗaya ce sai awa ta uku. Shara.

Na sake zuwa na yi masa muryar majinyaci, na ce fim ɗin akwai darasi. Ina fitowa Malam ya tsayar da ni a zaure.

"Mika'ilu."

"Allah ya gafarta Malam."

"Wane littafi kake biya masa a ciki?"

"Hira ce kawai, Malam."

"Hirar da ke warin taba? Rigarka ta riga ta gaya min inda ka je jiya." Ya ajiye littafin hannunsa. "Abin da ya kai shi ga wannan hali shi kake kawo masa har cikin gidana? Ka gaishe shi ka fita. In na sake jin zancen 'yan rawa a gidan nan, kada ka ƙara taka zauren nan."

Na ce to. Me zan ce? Mutumin nan shi ya yi min huɗuba ranar da aka haife ni.

Talata, 20 ga Agusta, bayan azahar

Yakubu na ofishinmu ya ga na yi shiru kwana biyu, ya ja ni wani sabon gidan bidiyo lokacin cin abinci. Ɗaki kamar akurki, zafi, warin hammata, talabijin ɗaya a kan durom. Fim ɗin ban tsoro ne, matattu na fitowa daga kabari an shafe su da jan fenti suna tafiya kamar masu ciwon baya. Irin waɗannan ba su taɓa ba ni tsoro ba, ƙazanta ce kawai. Aka ɗora da na ban dariya, Turawa na jifan juna da abinci a fuska. A wannan tsadar!

Na dawo gida da yamma na tarar ana wasan kwaikwayon Hausa a talabijin. An sa wa wani tsumma wai mahaukaci, an ɗaure shi a turke yana kukan akuya. Binta da yara na ta ƙyalƙyala. Na kashe. Ta dube ni, ta gane, ta kwashe yaran suka shiga ɗaki.

Alhamis, 22 ga Agusta, la'asar

Bahago ya zo da ɗanyar masara. Ya ce ya je ya ga malamin, an tanadi wuri. Ya ce mu kwantar da hankalinmu, ba a dukansu sosai.

Sosai.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

Na ga allon talla a bakin hanya. Yau fim ɗin mai keke za a sa. Ba wanda ya san sunansa na Indiyanci, haka kowa ke kiransa, kamar yadda ake cewa mai giya ko mai farin doki. Shi ne zuciyar Ɗahiru. Duk shekara sai an dawo da shi, duk shekara sai ya je, duk shekara sai ya fara ba ni labari in toshe kunne in ce ya isa. Ban taɓa bari ya kai ƙarshe ba.

Hadari ya haɗo ta gabas. Silimar ba rufi sai a kujerun masu kuɗi. Zan je.

Asabar, 24 ga Agusta, da hantsi

Fim ɗin ya tsufa har ya yi zane-zane, kamar ana ruwa a cikinsa tun ba a fara ruwan gaske ba. Sau uku yana tsinkewa ana zagin mai majigi.

Mai gyaran keke ne yake son 'yar wani babban mutum. Aka yi masa sharrin sata, aka tafi da shi. Ba a nuna cikin kurkukun ba, ƙofa kawai aka nuna ta rufe, sannan ta buɗe ya fito da gemu. To daga nan haushi ya fara. Ga gidan, ga yarinyar ba ta yi aure ba, kullum tana leƙe ta taga. Shi kuma kullum ya zo ya tsaya a gindin wata bishiya da kekensa, ya kalli gidan, ya juya. Waƙa. Gobe ya dawo ya tsaya, ya juya. Waƙa. Wallahi sai da na miƙe tsaye na ce, "Ka shiga mana!" aka ce in zauna.

Ana cikin tsayuwa ta huɗu ko ta biyar ruwa ya ɓarke. Muka daure, muka sa benci a ka. Sai wuta ta ɗauke, aka ce kowa ya kama gabansa. Ban ga ƙarshe ba. Na dawo jagab, takalmina ɗaya ya tsinke a taɓo.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar



Malam ya tafi ɗaurin aure Ƙofar Galadima, na shiga. Na zauna na fara da muryar nan tawa ta munafunci: kai, fim ɗinka na mai keke na gani, ashe haka yake da kyau. Na kai wurin bishiyar sai na ji abin ya taso min. Ga mura na damuna, ga saura mako ɗaya, ga shi ya ba ni ƙeya.

Na ce, "Wallahi Ɗahiru na gaji da yi maka ƙarya. Fim ɗin nan shara ne, duk Indiyan da na gani shara ne. Ƙato da gemunsa, an sake shi, ga gida ga yarinya, ya tsaya a gindin bishiya yana jiƙewa kamar tunkiya. Ka buɗe baki mana, ɗan banza, ka ce ga ni na dawo! Wannan ai wawa ne."

"Ba wawa ba ne."

Na waiwaya ƙofa, na ɗauka wani ne ya shigo. Muryar ta dushe kamar ta wanda ya shekara yana tari.

Na ce, "Na'am?"

Bai juyo ba. Ya ce, "In ya buɗe baki, abin da aka yi masa ne zai fito."

Na ji faranti ya faɗi a bayan asabari. Na yi ta jansa da magana, na zagi waƙoƙin, na zagi gemun, bai ƙara ba. Da a fim na ga haka da tsaki zan yi in fita. Na zo gida na rufe ɗaki na yi irin na mahaucin nan, har da majinar.

Lahadi, 25 ga Agusta, azahar

Na gaya wa Malam ya yi magana. Ko takalmi bai sa ba ya faɗa ɗakin: "Alhamdu lillahi! Ɗahiru, ga ni. Faɗa min, su wane ne? Ina suka kai ka?" Ɗahiru ya ƙara matsawa jikin bango.

Malam ya fito ya dube ni. "Me ya ce maka?"

Na yi ta kame-kame, na ce wata 'yar magana ce a kan wani labari.

"Wane labari?"

Na sunkuyar da kai. Ya gane. Ya ce, "Kai kaɗai ka ji?" Na ce Maijidda ma ta ji. Ya ce mace mai tsoron a tafi da mijinta ko kukan ƙofa ta ji za ta ce magana ce. Ya ce daga yau gaisuwata ta tsaya a zaure.

Talata, 27 ga Agusta, safe

Na gaida Malam a zaure. Ƙofar ɗakin a rufe.

Alhamis, 29 ga Agusta, bayan azahar

Jiya fim ɗin yaƙi. Soja ɗaya tsirara daga ƙugu zuwa sama, da bindigar da harsashinta ba ya ƙarewa, ya ƙone ƙauye guda don ya ceto abokinsa. Ni da ba zan iya wuce zaure ba. Ban san me ya kai ni ba ma.

Na buga takarda ɗaya sau huɗu yau, duk da kuskure.

Juma'a, 30 ga Agusta, la'asar

Ba zan je ba. In kallo wa wa?

Lahadi, 1 ga Satumba, bayan la'asar

Bahago ya zo da hantsi da a-kori-kura, aka ajiye ta a bakin hanya don ba ta shiga lungun. Na tarar zaure cike da ɗaliban Malam, manya masu gemu, kowa da littafinsa a cinya. Maijidda ta turo ƙullin kayansa, ana jin kukanta ƙasa-ƙasa daga ciki.

Bahago ya shiga ya fito da shi. Rabona da ganinsa a tsaye har na manta. Ya rame, yana taka ƙasa a hankali. Da Bahago ya kama damtsensa, sai hannuwansa suka fito daga riga suka haɗu da kansu a gaba, kamar mai jiran igiya. Ba wanda ya ce ya yi haka.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Tunda nake ban taɓa tsayawa a kan ƙafata ba Malam na zaune.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a yafe min, zan yi rashin kunya." Na juya na ɗaga murya yadda muke yi a hanya. "Kai Ɗahiru! Kafin ka tafi, fim ɗinka na mai keke, ruwa ya kore mu ban ga ƙarshe ba. Ba sai na gani ba ma, na san yadda ya ƙare. Mutuwa ya yi a gindin bishiyar nan kamar kare, ita kuma ta auri ɗan mai kuɗi. Shi ya dace da shi!"

Wani ɗalibi ya ce subhanallahi. Malam ya ce, "Mika'ilu, fita." Bahago ya saki Ɗahiru ya yo kaina.

"Bai mutu ba."

Kowa ya juya ya dubi Ɗahiru. Na ce a raina, Mika'ilu, in ka sassauta murya yanzu ka kashe shi.

Na yi tsaki na ce, "To me ya faru, tunda kai ka sani?"

"Ita ta fito. Ta zauna kusa da shi."

"Ta ce masa me?"

Ƙasa yake kallo. "Ba ta tambaye shi komai ba. Suka zauna har gari ya waye."

"Shi ke nan? Awa uku, a kan wannan?"

Ya ɗago ido ya dube ni, karon farko tun da aka dawo da shi. Ya ce, "Kai dai jaki ne, Mika."

Carbin Malam ya tsaya a hannunsa. Ya ce wa ɗalibai karatu ya tashi. Ya ce wa Bahago, "Ka ci abinci ka koma, hadari na haɗowa."

Bahago ya ce, "Yaya, kalma nawa ya faɗa? Kuma duk shirmen silima."

Malam ya ce, "Na ji abin da ya faɗa."

Ɗahiru ya sulale ya zauna a jikin bangon zaure. Malam ya tashi, ya ɗauki buzunsa, ya shimfiɗa a gefensa, ba a gabansa ba, ya zauna kafaɗa da kafaɗa. Na ga bakinsa ya motsa zai yi magana, ya haɗiye. Suka yi shiru su biyu suna kallon ƙofa.

Na ɗauki takalmina zan sulale.

"Mika'ilu."

"Allah ya gafarta Malam."

"Wace rana ake yin wannan abin?"

"Juma'a, Malam."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ka yi isha'i kafin ka tafi."

Asabar, 7 ga Satumba, da hantsi

Jiya wani mai gashin baki ne da farin doki, ya faɗo daga bene hawa uku ya tashi yana waƙa. Mahauci na kusa da ni, ya ba ni rake. Shara ce tun daga farko har ƙarshe, kuma wannan karon na ga ƙarshen.

Na je na faɗa wa Ɗahiru shara ce. Malam na zaure da littafi a buɗe, har na gama ban ji ya juya shafi ba. Ɗahiru bai ce komai ba sai da na zagi waƙar tsakiya, na ce kamar ana yanka akuya. Ya ce ba ni da kunne. Na ce shi ne ba shi da ido. Da zai ce min jaki, sai da ya fito da hannu ɗaya daga riga ya nuna ni da yatsa.